Mai Gadin Giyar Hutu

Sunana Sani, amma daga Unguwar Kanawa har Kawo in ba ka ce Sani Giya ba, ba wanda zai nuna maka garejina. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Abin da na sani shi ne cikin giyabos, shi ɗin ma ban gama saninsa ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda ku matasan da kuke zuwa ku tsaya a kaina da waya a hannu, kuna cewa kun ga an kwance irinsa a bidiyo cikin minti goma. Mai bidiyon ya yanke wurin da noti ya ƙi kwancewa, ya kuma yanke wurin da ya yi ɓarna. Ni wurin da aka yanke ɗin zan ba ku.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya kai ni wurin Alhaji Mamman, Allah ya ji ƙansa. Shekarar farko ban riƙe sifana ba. Aikina wankin ƙarfe da kalanzir a cikin rabin jarka, da tsohon buroshin haƙori. In Alhaji zai kwance giyabos, sai ya farke buhun siminti ya shimfiɗa cikinsa a kan tebur. Duk abin da ya fito, ko ƙanƙanuwar washa ce, sai ya jera shi daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo, fuskar da ke kallon inji tana kallon sama. In ka ɗauki abu ka mayar ba a gurbinsa ba, ba zai zage ka ba. Cewa zai yi ka tattara duka ka haɗa da kanka, shi kuma ya tafi shan shayi. Na taɓa yin kwana uku a kan giyabos ɗin wata akori-kura saboda washa ɗaya da na juya.

A wurinsa na fara ganin giyar hutu. Turawa obadirayif suke ce mata, Alhaji ne ya raɗa mata wannan suna. Wani ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a bayan giyabos na wasu tsofaffin motocin Turai. In ka hau doguwar hanya ka kai giya ta huɗu, sai ka taɓa wani ɗan makunni kusa da sitiyari. Mota ba za ta rage gudu ba, amma kukan inji zai faɗi, kamar wanda ya sauke kaya daga ka bai daina tafiya ba. Shan mai ma ya ragu.

Tana da doka ɗaya: ba ta komawa da baya. A cikinta akwai wasu 'yan ƙarafa kamar guntayen alli, jere a cikin keji, su ne ke barin sanda ta juya gefe ɗaya kawai. In tana kunne aka sa ribas, ƙarfin inji duka a kansu yake sauka, su farfashe. Saboda haka masu ƙirar suka sa wani makunni na biyu a saman giyabos, wanda direba ba ya ko ganinsa. Aikinsa ya yanke wuta da zarar an bar giya ta uku da ta huɗu. Ko ka manta naka a kunne, shi ba ya mantawa. Alhaji yana ce masa mai gadi.

To mu kanikawan garin nan muna da wata cuta. Duk abin da ba mu gane ba a jikin mota, sai mu ce na ƙasar sanyi ne, mu cire mu yar. Duk wayar wutar da ta ba mu wahala, sai mu haɗa ta dairek, wato kai tsaye, mu naɗe da baƙin tef. Na yi shekara tara ina ganin Alhaji yana faɗa da wannan ɗabi'a, amma wata shida da ya yaye ni na buɗe nawa wurin, ni ma na yi.

Mista Bulus ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune a Abakpa da iyalinsa. Yana da wata koriyar mota mai giyar hutu da ya saya daga hannun wani Bature da zai koma gida. Kowace Asabar da kansa yake wanke ta. Alhaji ne ya turo min shi, ya ce masa, "Je wurin Sani, hannuna ne." Wata Juma'a da hantsi ya kawo ta, ya ce hutun yana shiga yana fita. Na duba, na ga mai gadi ne ya yi sako-sako a mazauninsa. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a kwance murfi, a fitar da shi a daidaita. Aikin awa biyu. Ni kuwa ina da wasu motoci biyu suna jira, ga masallaci ya matso. Na cire wayoyi biyun da ke jikinsa, na murɗe su wuri ɗaya, na naɗe da tef. Muka gwada a hanya, hutu ya shiga kamar an shafa mai.

Mista Bulus ya ce, "Kai, Sani, har ka fi maigidanka sauri."

Na yi dariya na karɓi yabon. Ban faɗa masa abin da na yi ba.

Shi mutum ne mai tsari, kullum yana kashe makunninsa kafin ya shigo gari, don haka bai ga komai ba. Amma matarsa, Malama Saratu, malamar firamare, ba ta daɗe da karɓar lasin ba. Ran Litinin ta tuƙa motar zuwa Zariya ta dawo, makunni a kunne, kamar yadda kowa ke iya mantawa. Ta iso ƙofar gida, ta tsaya, ta sa ribas za ta shiga get da baya. Maƙwabta sun ce sun ɗauka bindiga aka harba.

Da aka jawo motar garejina, su biyun suka zo. Na buɗe murfin ƙasa, guntayen ƙarfe suka zubo a tafin hannuna. Mista Bulus ya tambaye ni me ya jawo. Na ce, "Yallaɓai, irin wannan sai in an sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba."

Malama ta ce, "Na tsaya fa. Na tabbata na tsaya."

Na ce, "Haka ake gani, Malama. Sabon hannu ne."

Mista Bulus bai yi mata faɗa ba, mutum ne mai raha. Ya dafa bonet ya ce, "To, Malama ta ba hutu hutu." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Washegari Alhaji Mamman ya biyo ta wurina don ya ji labari. Ya duba guntayen. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ya sa yatsa ɗaya ya ɗago wayar nan mai tef.

"Ina mai gadi?"

Na ce, "Alhaji, ya mutu ne."

Ya kwance shi, ya gwada da batir da ƙwan fitila. Fitila ta kama. Ya ce, "Kai ka kori mai gadi, aka shiga gida aka yi ɓarna, sannan ka ce matar gida ce. Ka je ka faɗa musu."

Na ce, "To, Alhaji."

Ban je ba. Na ce sai na gama gyara tukuna. Kayan giyar hutu ba a samu ba, don haka na sa wa motar giyabos na gama-gari, na ɗaure tsohon a buhu na tura ƙarƙashin tebur. Da na kai mota na ce sai wani zuwan. Alhaji ya tambaye ni sau biyu, sau biyun na ce ina hanya. Daga nan bai sake tambaya ba, kuma bai sake turo min kowa ya ce hannunsa ne ba. Har ya rasu muna gaisawa, ina kai masa goron Sallah, amma waccan kalmar ban sake jin ta ba.

Shekarun da suka biyo baya na ci abinci da sana'ar nan, alhamdulillahi. Akwai dai wata shekara da na ɗauka ta ƙare. Lokacin ne 'yan Beljiyam, wato na hannu daga Turai, suka cika gari, motoci da kayansu duka. Ba mai son a buɗe masa giyabos kuma, sai dai a sauke a ɗora wani. Na yi watanni ba abin da nake taɓawa sai injin markaɗe da famfon ban-ruwa na masu lambu. Abokan aikina da yawa suka koma acaɓa. Abin da ya riƙe ni shi ne 'yan tsofaffin nan masu tsofaffin motoci da suka ƙi rabuwa da su, kuma Mista Bulus na cikinsu. Bai taɓa kai motarsa wani wuri ba. Duk wanda ya tambaye shi bakanike, ni yake nunawa. A shekarar da ya fi taimakona, a ita na fi jin nauyin buɗe baki, sai na ƙara yin shiru. Ya yi ritaya, ya tsufa, ya rasu. Na je gaisuwa na dawo da maganata a ciki.

Bara, bayan damina, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin garejina, tana jan koriyar motar nan da igiya. Yohanna ne ya fito, babban ɗan Mista Bulus, wanda yanzu shi ma ya yi furfura a gemu. Ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa. Malama Saratu ta haura saba'in, tana tafiya a hankali, amma muryar aji tana nan.

"Sani, ka tsufa."

"Mama, ai ku kuka fara."

"Baban Yohanna ya ce duk garin nan kai kaɗai ka san cikin motar nan. Kullum in mun hau hanyar gida tana ihu, sai ya ce, da hutu na nan da yanzu muna jin rediyo. Ina so ka mayar mata da abinta."

Yohanna ya nuna min abin da ke bayan motar kayan. A kasuwar Panteka ya samo shi bayan dogon cigiya, giyabos na irin motar, da giyar hutu a manne. Mai kayan ya rantse masa cewa lafiya lau aka cire shi.

Ku ji nan, ku masu waya. Kayan hannu ba a tambayar mai sayarwa lafiyarsa, shi kansa kayan ake tambaya. Na fara da tsiyaye ragowar man a cikin farar roba, na kai hanci. Yana warin ƙuna, kuma mai kauri ne, irin wanda ake zuba wa babbar mota. Giyar hutu ba ta son mai kauri, don da famfo take aiki, ta ƙananan hanyoyi. Na karkata robar a rana, na ga ƙyalli rawaya, alamar tagulla ta ci. Na zura maganaɗisu, ya fito da ɗan gari kaɗan, ba guntaye. Sannan na kama sandar baya da hannu na juya. Gefe ɗaya ta tafi sumul, ɗaya gefen ta cije. Na ce alhamdulillahi, 'yan allin suna raye.

Da na shimfiɗa buhun siminti na buɗe ta, sai na ga sauran labarin. Akwai wani kuloci a ciki mai siffar mazurari, da fata a jikinsa kamar ta birki. Fatar ta ƙone ta yi baƙi, har kan ƙusoshi ya fito. Famfon ya yi zane. Rariyar mai ta toshe da dauɗa kamar ƙullin kuka. Robobin duk sun bushe, in ka lanƙwasa sai su karye. Robobi da boris ana samu. Mazurari da famfo kuwa ba mai sayar da su a ƙasar nan.

Sai na durƙusa na jawo buhun nan daga ƙarƙashin tebur. Ya fi shekara talatin a wurin. Sau uku ina sauya rumfa, ina ɗauke da shi. Na san abin da ke ciki: 'yan alli a farfashe, amma mazurari da famfo ba abin da ya same su. Wanda ya mutu a wannan yana raye a wancan. Biyu za su ba da ɗaya.

Na yi kwana tara a kan aikin. Na wanke komai da kalanzir sau biyu, na shanya a inuwa. Akwai wani rami a jikin bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya, bai kai kan allura ba, in ya toshe hutu zai shiga ya ƙi fita. Alhaji ya hana mu sa masa allura don tana faɗaɗa shi, da tsinken tsintsiya ake bi. 'Yan allin kuwa ɗaya bayan ɗaya ake sa su a keji, a riƙe da ɗan giris, kuma in ka juya kejin, ka haɗa giyar da za ta fashe a tafiyar farko. Na duba nawa sau uku, na je na yi salla na dawo na sake dubawa.

A rana ta bakwai Malama da Yohanna suka zo ganin aiki. Tsohon giyabos yana gefe a kan buhunsa, wayar nan mai baƙin tef tana lilo a samansa. Malama ta nuna shi da sandarta.

"Wannan ce wadda na kashe?"

Yohanna ya ce, "Mama, matsa baya don Allah, kada ki yi wa sabuwar ma ribas." Ya juyo yana dariya. "Oga Sani, ka san a gidanmu ko kofi ne ya fashe, cewa ake an yi masa ribas ɗin Mama. Har jikoki sun iya."

Na ce, "Mama, tun daga ranar kin sake tuƙi?"

"Ni? Lasin ɗin ma a cikin Littafi Mai Tsarki na ajiye shi, yana nuna min inda na tsaya karatu. Shekara ashirin ina bin bas zuwa makaranta, mota tana gida a rufe in Baba ya yi tafiya."

Wannan ban sani ba. Na ɗauka wasa ne aka yi rana ɗaya ya wuce. Na goge hannuna, na ciro wayar, na warware tef ɗin a gabansu. Na nuna musu mai gadi, na faɗi aikinsa. Na ce, "Mama, kin tsaya. Ko da ba ki kashe makunni ba, da wannan yana wurinsa ba abin da zai faru. Ni na cire masa waya ran Juma'a don ina sauri. Ni na fasa giyar nan, na ce ke ce. Ki yafe mini."

Yohanna ya daina dariya. Malama ta karɓi wayar tana jujjuya ta.

"Na faɗa muku na tsaya."

"Kin faɗa, Mama."

"Ka ce sabon hannu ne."

"Na ce."

"Wanda ya kamata ya ji wannan ya tafi, Sani. Ka bar shi ya tafi yana ganin matarsa ba ta iya ba." Ta sa wayar a jakarta. "Amma 'ya'yansa suna nan. Yaushe za ka gama?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

"Ka kawo ta ran Lahadi bayan coci. Kowa yana gida. Abin da ka faɗa a gaban ƙarfe, ka zo ka faɗa a gaban mutane."

Mai gadin da na sa wa sabuwar giyar shi ne tsohon nan da na kora. Na goge bakinsa, na gwada da ƙwan fitila kamar yadda Alhaji ya yi, ya kama. Na daidaita shi a mazauninsa, na bi giya ɗaya bayan ɗaya: ta ɗaya ba wuta, ta biyu ba wuta, ta uku da ta huɗu akwai, ribas babu. Awa biyu ya ɗauke ni, kamar yadda na ƙiyasta tun farko.

Ran Lahadi da azahar na ɗauke su a Abakpa, ita a gaba, Yohanna a baya. Muka wuce Kawo muka hau hanyar Zariya. Da muka kusa Katabu hanya ta buɗe, na sa ta huɗu, na ce, "Mama, taɓa." Ta miƙa yatsa ta ɗaga makunnin. Motar ta ɗan yi ajiyar zuciya, kukan inji ya faɗi. Yohanna ya ce, "Kai! Haka take?" Malama ta ce, "Kunna rediyo."

Da muka dawo na kai hannu zan kashe makunnin, ta buge min hannu.

"Bar shi yadda na bar shi ranar."

A ƙofar gida ta ce in tsaya a waje, kada in shiga. Ta sa aka kira kowa. 'Ya'ya mata biyu da mazajensu, surukai, jikoki, har da wata maƙwabciya da ta ce tana nan ranar da aka ji ƙarar. Na cire hulata na faɗi abin da na yi, daga Juma'ar har Litinin, ban rage ba. Ƙaramar 'yarta, Rahila, ta ce, "Oga Sani, shekara talatin? Ai da ka rubuto wasiƙa."

Malama ta ce, "Ya isa. Ya faɗa. Na yafe, Allah ya yafe mana duka. Ba ni makulli."

Yohanna ya ce, "Mama, gwiwarki fa."

"Gwiwata ce ko taka? Sani, shiga ka zauna nan. In ta fashe, wannan karon kana ciki."

Na zagaya na zauna a gefenta. Makunni yana sama, a kunne. Na san abin da na haɗa, na gwada shi ya fi sau goma, amma duk da haka sai da na riƙe ƙofa. Ta gyara madubi, ta taka kuloci da ƙyar, ta lalubi ribas har ta samu. Motar ta mutu. Jikoki suka fashe da dariya, ta harare su ta taga suka yi tsit. Ta sake tayarwa. A hankali koriyar motar ta fara ja da baya, ta haura ɗan tudun bakin get, ta wuce tsakanin ginshiƙai biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta tsaya a ƙarƙashin mangwaro inda take kwana. Ba a ji komai ba sai tafin yara.

Na gode wa Allah da ya ba ni maigida kamar Alhaji Mamman, ko da na makara wajen jin maganarsa. Na gode wa Mista Bulus da ya riƙe ni a shekarar da ba aiki. Na gode wa Malama Saratu da ta rayu har na faɗa. Ku kuma, duk ranar da kuka ga wata 'yar waya ta tsaya muku a hanya, tef yana aljihu, ku tambayi abin da take gadi kafin ku murɗe ta.

Malama ta ja birkin hannu, ta kashe mota, ta juyo ta dube ni.

"Na tsaya ko ban tsaya ba?"

Na ce, "Kin tsaya, Mama."

Ta ce, "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."